Za a yi wa mahaifiyata aikin yanar ido: mu fara ɗiga maganin kumburi tun yanzu?

"Likita, barka da aiki. An sa wa mahaifiyata ranar aikin cire yanar ido a idon dama, saura kwana goma. Shekarunta 68, tana da ciwon suga, kuma kullum tana shan ƙaramin asfirin saboda zuciya. An ba mu kwalabe biyu na ɗigawa. A jikin ɗaya an rubuta nepafenac 0.1%, aka ce a fara ana gobe aiki, sau uku a rana. Ɗayar kuma prednisolone acetate 1%, aka ce sai bayan aiki. Ni dai gani nake kwana ɗaya ya yi kaɗan. Ko mu fara duka biyun tun yanzu don idon ya kwanta sosai kafin ranar? Da ma tana yawan kukan idon yana mata kamar an zuba yashi. Sannan ko ta dakata da shan asfirin ɗin?"

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Mama lafiya. Kada ku fara tun yanzu, ko kwalbar farko ko ta biyu. Ranar da aka rubuta muku ita ce ranar farawa, kuma kwana ɗayan nan da kike ganin ya yi kaɗan, daidai yake da abin da masu yin maganin suka tsara. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: lokacin farawa, batun asfirin, da kuma kukan yashin da kika ambata a wucewa. A cikin ukun, wannan na ƙarshe ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne zai iya sauya tsarin maganin gaba ɗaya, kuma likitan da zai yi aikin ya kamata ya ji shi a cikin makon nan, ba a safiyar aiki ba.

Dalilin da ya sa ake ɗigawa tun ba a taɓa idon ba

Duk inda aka yanka ko aka taɓa a jiki, naman wurin yana sakin wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Su ne ke kawo ja, zafi da kumburi. Tun a 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya nuna cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki sarrafa waɗannan sinadarai. Nepafenac ɗan wannan dangi ne, haka ma ketorolac, diclofenac, bromfenac da flurbiprofen da ake ɗigawa a ido. Babu sitiroyid a cikinsu, wato ɗaya dangin magungunan kumburi da prednisolone na kwalbarku ta biyu ya fito daga ciki.

A aikin yana, furostagilandin yana yin ɓarna iri uku. Ta farko tana faruwa ne ana tsakar aiki. Baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido ƙofa ce, ta nan likita ke leƙawa ya fasa madubin ido, wato ɗan abin da ke bayan ƙofar wanda ya yi yana, ya fitar da shi. Kafin a shiga ɗakin tiyata ana ɗiga magunguna irin su tropicamide da phenylephrine don ƙofar ta buɗe wangar, amma da zarar kayan aiki sun fara taɓa cikin idon, furostagilandin yakan sa ta riƙa tsukewa. Ƙofa ta tsuke, aiki ya ƙara wuya, haɗarin yage jakar da madubin ke zaune a ciki ya ƙaru. Ta biyu ita ce ciwo da jan ido a kwanakin farko bayan aiki. Ta uku kuwa, wadda muka fi tsoro ga mai ciwon suga, ita ce taruwar ruwa a makula, wato tsakiyar tantanin gani da ke bayan ido, wurin da ake karatu da gane fuskar mutum da shi. Wannan ba ya zuwa nan take. Mutum zai fita daga aiki yana gani tangaran, sai bayan mako huɗu zuwa shida gani ya fara dusashewa, layi miƙaƙƙe ya riƙa zama masa a karkace. Wani likitan ido mai suna Irvine ne ya fara bayyana matsalar a 1953, shi ya sa har yau ake kiranta da sunansa haɗe da na wani likitan idon, Gass.

To, maganin ba ya kashe furostagilandin da aka riga aka saki, hana sarrafa sabo kawai yake yi. Saboda haka dole ya riga wuƙa isa wurin. Amma isarsa ba ta ɗaukar lokaci. Ɗigo ɗaya yana ratsa gaban ido ya kai ruwan da ke ciki a cikin sa'a ɗaya ko biyu. Flurbiprofen 0.03%, wanda aka daɗe ana amfani da shi don hana ƙofar ido tsukewa, ɗigo huɗu ne kacal, ɗaya duk rabin sa'a, ana farawa saura sa'a biyu aiki. Nepafenac 0.1% ana fara shi ana gobe aiki, sau uku a rana, a yi a ranar aikin, a ci gaba bayansa. Mai ƙarfin 0.3% sau ɗaya ne a rana, da ƙarin ɗigo ɗaya tsakanin minti 30 zuwa sa'a biyu kafin a shiga. Wasu likitocin suna farawa kwana biyu ko uku kafin aiki, musamman ga masu ciwon suga, wasu ma har mako guda ga idon da suka san makularsa tana da matsala, kuma suna yin haka ne bayan sun duba idon da kansu sun auna riba da hasara. Kwana goma ba tare da an duba ba, babu abin da zai ƙara wa cikin idon, sai dai ya rage wa gabansa ƙwari.

Ba na so ki ɗauka cewa maganin ba shi da amfani. Wani babban bincike da ƙungiyar likitocin aikin yanar ido ta Turai ta gudanar, mai suna PREMED, wanda aka wallafa a 2018, ya bi mutum sama da 900 marasa ciwon suga. A cikin waɗanda aka ba sitiroyid kaɗai, kimanin 5 cikin 100 sun sami kumburin makula mai taɓa gani. Waɗanda aka ba bromfenac kaɗai, tsakanin 3 da 4 cikin 100. Waɗanda aka haɗa wa biyun, ƙasa da 2 cikin 100. Wannan ne ya sa aka ba ku kwalabe biyu, kuma haɗin da aka yi muku haɗi ne mai hujja.

Batun yashin nan

A gaban ido akwai wani tantani garai-garai da ya rufe baƙin ido kamar gilashin agogo, shi ake kira koniya. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba. Samansa akwai siririyar fata wadda kullum take goguwa tana sabunta kanta, kuma abu biyu ne ke riƙe da lafiyarta: hawaye da jijiyoyin ji. Jijiyoyin ne ke sa mutum ƙiftawa, su ke umartar a zubo da hawaye, su kuma ke ciyar da fatar da abin da take bukata don ta warke idan ta ƙuje.

Yanzu ki duba abin da ya taru a kan idon Mama. Ciwon suga mai daɗewa yana raunana jijiyoyin koniya kamar yadda yake raunana na tafin ƙafa. Jin yashi a ido, a mafi yawan lokuta, alamar bushewar ido ce ko kumburin gefen fatar ido, wato hawayen ma ba su wadata ba. Shekaru sun ja. A kan wannan sai a zo da maganin da shi ma yake rage jin koniya, yake kuma jinkirta warkewar fatarta. A cikin yawancin kwalaben akwai sinadarin hana lalacewa mai suna benzalkonium chloride, wanda shi kansa yana ƙuje fatar idan aka yawaita. Ranar aiki kuma za a wanke idon da ruwan ayodin, a ɗiga maganin kashe zafi, a yanka gefen koniyar, a haska ta da fitila mai ƙarfi. Bayan aiki sitiroyid ya shigo, shi ma yana jinkirta warkewa. Koniyar da ta kwana goma tana shan nepafenac kafin duk wannan, ta shiga aikin ne a gajiye.

Abin da ke biyo baya yana zuwa mataki-mataki. Da farko 'yan ƙananan ƙuje-ƙuje ne da ba a gani sai an ɗiga rini an haska da shuɗiyar fitila. Idan aka ci gaba, sai su haɗe su zama miki. Idan har yanzu ba a dakata ba, naman koniyar ya fara narkewa, ya yi siriri, a wasu lokutan har ya huje. Ba kasafai ake kaiwa nan ba, amma yana faruwa. A 1999 an sami tarin rahotannin narkewar koniya a Amurka, har aka janye wani samfurin diclofenac na ɗigawa daga kasuwa. A can Amurka, takardun da ke cikin kwalin magungunan wannan dangi suna ɗauke da gargaɗi cewa farawa fiye da kwana ɗaya kafin aiki, ko zarcewa fiye da kwana 14 bayansa, na iya ƙara haɗarin lahani ga koniya. Sun kuma lissafa waɗanda abin ya fi shafa: masu ciwon suga, masu bushewar ido, masu amosanin gaɓɓai irin wanda ke kumbura yatsu ya karkatar da su, waɗanda koniyarsu ta rasa ji ko take da miki, da waɗanda aka yi wa aikin ido fiye da ɗaya a kurkusa. Ki buɗe takardar da ke cikin kwalinku, mai yiwuwa ki ga wannan a rubuce. Mama ta faɗa cikin rukuni ɗaya tabbas, wataƙila biyu.

Mugun abin shi ne yakan zo shiru. Tunda maganin yana danne zafi, jijiyoyin kuma da ma sun yi rauni, mutum zai iya samun gyambo a koniya yana cewa ba abin da ke damunsa, har ma ya ce yashin ya ragu. Abin da muke gani a asibiti shi ne irin waɗannan marasa lafiya ba ciwo ke kawo su ba, sai dusashewar gani, ko wani a gida ya hango farin tabo a kan baƙin ido. Idan ya warke ma, yakan bar hakiya.

Kada wannan ya sa ki ce to a bar nepafenac ɗin gaba ɗaya. Ciwon sugan da ya sa koniyarta take cikin haɗari, shi ne kuma ya sa makularta ta fi ta kowa bukatar maganin. A Turai ma an amince a ba masu ciwon suga nepafenac har kwana 60 bayan aiki saboda wannan dalili, amma ana yi ana duba koniyar. Gaba da baya duk akwai abin tsoro, kuma wanda ya sa idon a na'ura ya gani ne kaɗai zai iya cewa wanne ya fi nauyi. Ni ban ga idon Mama ba, don haka ba zan iya ce miki tsarin da aka ba ta ya dace da ita ko a sauya ba.

Abin da za ki yi shi ne ki koma asibitin ko ki kira su cikin kwana ɗaya ko biyu, ki ce musu tana jin yashi, tun yaushe, da safe ya fi ko da yamma, da kuma ko gashin idonta yana yin kwantsa. Dubawar ba ta kai minti biyar ba. Idan an ga bushewa ce mai sauƙi, za a ba ta hawayen kwalba marasa sinadarin hana lalacewa, ta riƙa sawa sau huɗu ko fiye a rana, tare da gasa fatar ido da tsumma mai ɗumi da goge gindin gashin. Kwana goman nan da kike son cikawa da maganin kumburi, wannan ne aikin da ya dace da su. Idan abin ya yi yawa, likita na iya taƙaita kwanakin nepafenac, ko ya sauya shi da wanda ba shi da sinadarin, ko ya dogara da sitiroyid kaɗai, ko ma ya ɗaga ranar aikin da 'yan makonni. Ɗagawar ba asara ba ce. Akwai ma wata riba: awon da ake yi don zaɓen ƙarfin madubin roba da za a dasa yana fitowa ba daidai ba idan saman koniya ya bushe, sai a gama aiki mutum ya ga yana bukatar tabarau mai ƙarfin da ba a yi tsammani ba.

Kwalba ta biyu

Prednisolone acetate 1% sitiroyid ne mai ƙarfi. Ya fi nepafenac kwantar da kumburin gaban ido bayan aiki, amma a idon da ba a taɓa ba, babu kumburin da zai kwantar. Abin da zai iya yi guda biyu ne, duka marasa kyau.

Na farko, hawan matsin ido. Matsin ruwan cikin ido na mai lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin da muke amfani da shi. Kusan mutum ɗaya cikin uku, idan ya yi mako huɗu zuwa shida yana ɗiga sitiroyid mai ƙarfi, matsinsa zai hau, kuma kimanin 5 cikin 100 nasu yana hawa sosai. Masu hawan jinin ido, waɗanda ke da shi a dangi, masu tsananin rashin ganin nesa da ƙananan yara sun fi saurin kamuwa. Ba ya ciwo, ba ya sa ja, jijiyar gani kawai yake ci a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Da ma Mama za ta yi kusan wata guda a kansa bayan aiki. Ƙara kwana goma a gaba ƙara tsawon kwanakin haɗarin ne ba gaira ba dalili.

Na biyu, yana kwantar da garkuwar saman ido. Idan yashin da take ji ba bushewa ba ce, ƙwayar cutar hafis ce (mai fito da ƙurajen zazzaɓi a leɓe) ko fangas (dangin mai kawo makero) ta fara kama koniya, sitiroyid zai ɗauke jan, ta ji daɗi kwana biyu, a ƙarƙashi kuma cutar tana ta yaɗo. Sannan zai ɓoye wa likita alamun da da ya gani zai ɗaga aikin. Wannan ne ya sa nake roƙon duk mai karanta wannan: tsohuwar kwalbar da ta rage a gida, ko wadda wani ya ce ta yi masa maganin jan ido, kada ta kusanci idon da ake shirin yi wa aiki. Da yawa daga cikin magungunan "jan ido" haɗi ne na antibayotik da dexamethasone ko betamethasone, kuma mutane ba su san sitiroyid suke ɗigawa ba.

Akwai waɗanda ake fara wa sitiroyid kafin aiki da gangan, kamar masu kumburin cikin ido mai dawowa, waɗanda ake so idonsu ya yi wata uku a kwance kafin a taɓa shi. Wannan tsari ne na musamman, kuma da Mama tana cikinsu da an faɗa muku. Idan lokacin prednisolone ya yi, ki riƙe abu biyu. Ruwansa fari ne kamar madara domin maganin gari ne da ke kwanciya a gindin kwalba, sai an girgiza sosai kafin kowane ɗigo, in ba haka ba makon farko ruwa za ki riƙa ɗigawa, na ƙarshe kuma kauri. Sannan ba a yanke shi rana ɗaya, ana rage shi ne mako-mako kamar yadda za a rubuta muku.

Asfirin da sauran abin da take sha

Kada ta daina asfirin da kanta. Aikin yana na zamani ana yin sa ne ta ƙaramar kafa a gefen koniya, inda babu jijiyoyin jini, kuma yawanci ba a dakatar da magungunan hana daskarewar jini irin su asfirin, clopidogrel ko warfarin dominsa. Haɗarin da ke cikin dakatarwa ga mai ciwon zuciya ya fi ɗan jan jinin da ka iya fitowa a farin ido nesa ba kusa ba. Gaskiya ne dangin nepafenac na iya ƙara saurin zubar jini kaɗan, don haka likita ya san tana sha, musamman idan allura za a yi mata a gefen ido don kashe zafi maimakon ɗigo. Mai shan warfarin akan bukaci a auna jininsa kafin ranar.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce ko asfirin, ibuprofen ko diclofenac sun taɓa tayar wa mutum da asma, ko sun sa masa borin jini ko kumburin fuska da leɓe. Wanda haka ta taɓa faruwa da shi, ɗigon ido ma na iya tayar masa, domin abin da aka ɗiga yana gangarawa ta hanyar hawaye zuwa hanci ya shiga jini. Tunda Mama tana shan asfirin kullum lafiya ƙalau, wannan bai shafe ta ba. Mai juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, ba a so ta yi amfani da wannan dangin. Wanda ke ɗiga maganin hawan jinin ido ya ci gaba da abinsa sai in likita ya ce ya dakata. Dattijon da ke shan tamsulosin saboda matsalar fitsari kuwa, ko da ya daina tun bara, lallai ya faɗa, domin maganin yana sa baƙin ido ya yi laɓo-laɓo ana tsakar aiki, kuma likitan da ya sani tun farko yana da dabarun da zai shirya.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: babu ɗaya daga cikin kwalaben nan biyu da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kariya daga cuta tana zuwa ne daga wanke ido da ayodin mai ƙarfin 5% a ɗakin tiyata, da antibayotik da likitoci da yawa ke sawa a cikin idon a ƙarshen aiki. Saboda haka idan aka wayi gari ido ya yi ja yana kwantsa, ko ɗan ƙurji ya fito a fatar ido, ba ƙara ɗigo za a yi ba, asibiti za a sanar.

Yadda za ki ɗiga mata

Tunda ke za ki riƙa sa mata, ga yadda ake yi. Ki wanke hannu da sabulu ki tsane shi. Ki karanta sunan da ke jikin kwalbar kowane lokaci, kada ki dogara da launin murfi. Ki girgiza nepafenac sosai, shi ma gari ne a cikin ruwa, launinsa rawaya-rawaya. Ki cire murfin ki kwantar da shi a gefensa a wuri mai tsabta. Mama ta kwanta rigingine, ko ta zauna ta jingina kai baya ta kalli sama. Da yatsa ɗaya ki jawo fatar idon ta ƙasa a hankali har ta yi ɗan aljihu ja. Ki ɗora gefen hannun da ke riƙe da kwalbar a kan goshinta, ta yadda in ta motsa hannunki zai motsa tare da ita, bakin kwalbar yana sama da idon kamar faɗin yatsa biyu. Ki matsa ɗigo ɗaya ya faɗa cikin aljihun, ba a kan baƙin ido ba. Bakin kwalbar kada ya taɓa ido, gashin ido ko yatsanki. In ya taɓa, ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma wannan kwalbar ce za ki kai kan sabon yanka bayan aiki.

Ɗigo ɗaya ya isa. Abin da ke fitowa daga kwalba ya ninka hawayen da ke kwance a ido sau huɗu ko biyar, ido ba ya ma iya riƙe shi duka, shi ya sa za ki ga wani ya gangaro kumatu. Gangarowar ba ta nufin bai shiga ba. Sai dai in kin ga da idonki ya faɗi a kan fata ne, sannan ki sake. Bayan ya shiga, ta lumshe ido, ba runtsewa da ƙarfi ba, ba kuma ƙifce-ƙifce ba, domin ƙiftawa famfo ce da ke tura maganin zuwa hanci. Ki ɗora yatsa a lungun ido na wajen karan hanci ki ɗan danna na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan yana tsare maganin a inda ake bukatarsa, yana rage ɗacin da ake ji a maƙogwaro da abin da ke shiga jini. Bayan aiki, a makon farko, lumshewar kaɗai ta wadatar in kina tsoron danna idon. Ɗan raɗaɗi na daƙiƙa kaɗan da hazo-hazo na 'yan mintuna ba abin damuwa ba ne.

In akwai magani fiye da ɗaya a lokaci guda, a bar aƙalla minti biyar a tsakani, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko. Mai ruwa-ruwa a fara da shi, mai kauri ya biyo, man shafawa a ƙarshe. Hawayen kwalba ma a ba su tazararsu. Sau uku a rana yana nufin safe, rana da dare, a rarrabe, ba a jere ba. In an manta ɗaya, a sa da zarar an tuna, in kuma lokacin na gaba ya yi kusa a bar wanda ya wuce, kada a ninka. Ki ja layuka a takarda ki riƙa sa alama bayan kowane ɗigo, domin bayan aiki kwalabe na iya zama uku, kowace da lokacinta, kuma a nan ne ake rikicewa. Idon dama kaɗai, na hagu ba ya bukata. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ya ajiye shi tsawon kwanakin maganin.

A safiyar aiki ki sa mata ɗigon safe kamar yadda aka tsara, sai in an ce muku akasin haka, ki kuma tafi da kwalaben duka, har da sauran magungunan da take sha, a cikin kwalayensu. In kun manta ba ku fara ana gobe ba, ki faɗa wa nas gaskiya. Ba a cika fasa aiki saboda wannan ba, za su ɗiga mata a can. Kwalaben a ajiye su a inuwa, nesa da rana da cikin mota mai zafi, kuma ki rubuta ranar buɗewa a jiki, domin bayan kwana 28 da buɗewa ana zubar da saura.

Alamun da za a dakata a nemi likita a ranar

Kafin aiki, in bayan ɗigon farko fatar idon ta kumbura tana ƙaiƙayi, ko jan ido ya ƙaru, a dakata a kira asibiti. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na kuka, wannan na gaggawa ne, a tafi nan take. Bayan aiki, ido yakan yi ɗan ja da ɗan yashi a kwana biyun farko, amma kullum sauƙi ya kamata a riƙa samu. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ganin da ya washe sannan ya koma baya, kwantsa mai kauri, ƙin haske, farin tabo a kan baƙin ido, ciwon kai da amai, duk ba a kwana da su a gida. Ga Mama kada ki jira ta ce tana jin ciwo. Kowace safiya ki kai ta wurin haske ki dubi baƙin idon: ya kamata ya riƙa sheƙi kamar jiƙaƙƙen gilashi. In ya dusashe, ko kin ga wani wuri ya yi fari, ki dakatar da nepafenac ki kai ta a ranar. Ki kuma sa ta rufe idon hagu da tafin hannu ta dubi abu ɗaya, kamar agogon bango, daga wuri ɗaya kullum, don ku gane da wuri in gani ya fara ja da baya. A riƙa auna suga kamar kullum, ko ma fiye, domin miki ba ya saurin warkewa a kan suga mai hawa.

Idan an sa ranar idon hagu nan gaba, sabuwar kwalba za a buɗe masa, ba ragowar ta dama ba, kuma ki tuna wa likita tsawon kwanakin da ta riga ta yi a kan nepafenac da yadda koniyar dama ta karɓe shi, domin da wannan zai tsara na biyun.